Hanyoyin Koyo da Amfanin Na'ura a Makaranta

Garin Keffi, a Jihar Nasarawa, ya daɗe da yin suna wajen ilimi. A Kwalejin Gwamnati ta Keffi marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu daga 1965 zuwa 1969, zamanin da alli da allo da littafi su ne kayan aikin malami. Yau ga jami'ar jiha a garin, ga wayar hannu a aljihun ɗalibai. Tun 2015 kuma, da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB ta shiga jami'a. Saboda haka ya wajaba iyaye da malamai su san abin da na'ura za ta iya, da wanda ba za ta iya ba.

Gaskiya ne yara sun bambanta. Wani ya fi son sauraro, wani kallon hoto, wani kuwa sai ya taɓa da hannunsa. Amma a 2008 wasu masana a Amurka suka bi diddigin binciken da aka yi a kan wannan batu, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa koyar da yaro ta hanyar da ya fi so kaɗai tana ƙara masa fahimta ba. Darasin ne ke zaɓar hanyarsa: taswira sai an gani, lafazi sai an ji, lissafi sai an yi.

Makarantar allo ta riga ta san wannan. Almajiri yakan ji daga bakin malam, ya rubuta a allo, ya karanta a bayyane, sa'an nan ya kawo hadda.

Haka ya kamata a yi da na'ura. Sa'ad da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona, jihohi da dama sun ba da darussa ta rediyo da talabijin. Amma rediyo ba ya duba littafin yaro, ba ya gane inda ya kakare.

Don haka, in yaro ya gama kallon darasi, a sa shi ya ajiye wayar, ya faɗi abin da ya koya da bakinsa, ya rubuta, kashegari a sake tambayarsa. Iyayen da ba su yi boko ba ma suna iya wannan. Amfanin ilimi dai aiki da shi.