DARASI: YADDA AKE RAYA FADAMA

'Yan'uwa, duk wanda ya girma a ƙauyukan Dambatta, Bichi ko Minjibir ya san darajar fadama. Ita ke riƙe ruwan damina, ta tace shi, ta sauke shi ƙarƙashin ƙasa, rijiyoyinmu su samu. Amma ƙasar noma ta yi mana kaɗan, har mun kai garma bakin ruwa, yashi kuwa ya cike wurare da yawa.

Kafin mu ɗauki shebur, bari mu koyi darasi daga gabas da mu. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Kafin nan, kogin Haɗeja yakan yi ambaliya da damina, ya janye da rani. Da aka soma sakin ruwa rani da damina, sai fadamun Haɗeja da Nguru suka daina bushewa a wurare da dama. Ciyawar kacala ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta hana masunta jefa taru, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi. Ga ruwa, ga hasara!

Ashe ran fadama yana cikin cikowa da janyewa. Ko gaiwa ta san haka, shi ya sa take shiga laka ta jira damina.

Saboda haka idan jama'a za su gyara fadamarsu, kada su haƙa ta kamar kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini. A bar gefenta da gangare mai sauƙi, tsakiya kaɗai ta yi zurfi domin tarwaɗa, a kuma yi mata mafita. A bar tazara tsakanin kunya ta ƙarshe da bakin ruwa, a dasa jema ta tare yashi. A keɓe mashaya guda da burtalinta. Rashin wannan, a ganina, shi ya fi kawo faɗa tsakanin manomi da makiyayi.

Kyan gani kuwa ba a sayo shi. In giginya da kanya suka tsaya a gefe, bado ya yi fure, zalɓe da balbela za su komo da kansu.

Domin tattaunawa: wa zai yarda ya bar kunya biyu na gonarsa, kuma da me sauran jama'a za su rama masa?