Amsar Tambaya: Zaɓen Hedifon Mara Waya Don Wasa

Hedifon mara waya na matsakaicin kuɗi iri biyu ne. Mai Bluetooth ya fi araha, sai dai sautinsa kan makara: a Free Fire ko PUBG, ɗan wasa kan ji harbi bayan an riga an kayar da shi. Mai ɗan makulli da ake sokawa a waya, mai aiki da zangon 2.4 GHz, ba shi da wannan nawa. Ga mai tambaya daga Kanan Bakashe, batiri mai jimiri ya fi fitilun ado, domin su ma caji suke ci. Kafin ya biya a kasuwar Maraɗi ko Tasawa, ya gwada makirufo, ya tabbatar makullin ya shiga ramin wayarsa. A zafin bazara, matashin kunne na yadi ya fi na roba.