Hukuncin da aka yi wa Jami'ar SMU: wa ya yi laifi, wa ya sha bulala?

 

A darasin fikihu Malam ya sha nanata mana cewa mai laifi shi ake hukuntawa, ba a ɗora wa wani alhakin wani. Na so mu gwada wannan ƙa'ida a kan wani al'amari da ya faru a Amurka, a fagen wasannin jami'o'i.

A can, jami'o'i suna da ƙungiyoyin ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallon a hannu ana gudu da ita. Dubban mutane ke zuwa kallo, kuɗi kuma na shigowa sosai. Hukumar da ke lura da wasannin sunanta NCAA. A wancan zamani dokarta ta hana a biya ɗan wasa kuɗi, tunda ɗalibi ne. Abin da aka yarda a ba shi shi ne tallafin karatu.

Jami'ar SMU da ke birnin Dalas a jihar Teksas ta karya wannan doka ba sau ɗaya ba. Attajirai masoya ƙungiyar suna tara kuɗi a ɓoye ana raba wa 'yan wasa. A 1985 aka kama su, aka ja musu kunne, amma ba su daina ba. Bincike ya nuna an ƙara raba dala 61,000 ga 'yan wasa 13. To, a watan Fabrairu na 1987 NCAA ta yanke musu hukuncin da 'yan jarida suka kira hukuncin kisa: an soke duk wasanninsu na 1987, aka hana su wasa a gida a 1988, aka kuma rage musu guraben tallafin karatu 55 cikin shekara huɗu. Jami'ar da kanta ta fasa wasannin 1988, don 'yan wasanta sun watse.

Ni dai a ganina hukunci ya wajaba. Wanda aka yi wa gargaɗi ya maimaita, ai ya raina doka ne. Sai dai mu duba wanda bulalar ta sauka a kansa. Galibin 'yan ƙungiyar ba sa cikin waɗannan 13. An ba su damar komawa wasu jami'o'i, gaskiya ne, amma barin makarantarka da abokanka a tsakiyar karatu ba ƙaramin abu ba ne. Ku ƙaddara a rufe ajinmu saboda abin da mutum uku suka aikata. Yaran da suka shigo daga baya kuwa, waɗanda suna sakandare lokacin da ake rabon kuɗin, su suka gaji shan kashi. Cikin shekara 20 da suka biyo baya, kaka ɗaya tak ƙungiyar ta yi nasarar da ta fi faɗuwa yawa.

Manyan fa? Bill Clements, wanda ya shugabanci hukumar gudanarwar jami'ar, ya amsa da bakinsa a watan Maris na 1987 cewa da saninsa aka ci gaba da biyan kuɗin bayan gargaɗin 1985, wai don an riga an yi wa yaran alkawari. A lokacin da ya faɗi haka shi ne gwamnan jihar Teksas. NCAA ba ta da iko a kan kujerarsa, kuma ya ci gaba da mulki har wa'adinsa ya cika a 1991. Ita kuwa ƙungiyar, sai a 2009 ta sake samun gurbi a manyan wasannin ƙarshen kaka.