Dokar Ɗaukar Wuƙa a Ingila: Abin da Ya Shafi Maharba da Masu Kamun Kifi

A ƙasar Ingila da Wales ba a hana mutum mallakar wuƙar aiki ba. Abin da doka ta sa wa ido shi ne fita da ita bainar jama'a, watau kan titi, ko kasuwa, ko cikin jirgin ƙasa, ko duk wani wuri da kowa ke da ikon shiga. Wannan kuwa ya shafi mutane iri biyu ƙwarai, maharba da masu kamun kifi da ƙugiya, domin dukansu ba su iya rabuwa da wuƙa, kuma ba su isa daji ko bakin kogi sai sun bi hanyar da kowa ke bi.

Dokar ba rana ɗaya aka yi ta ba. A shekarar 1953 Majalisar Dokoki ta hana yawo da makami ba tare da izni ko uzuri mai ƙarfi ba. A 1959 aka hana sayar da irin wuƙar nan da ruwanta ke fitowa da kansa in an danna maɓalli. Amma wadda ta fi taɓa talaka ita ce dokar 1988, sashe na 139. A ƙarƙashin dokar 1953, in wuƙar aiki ce aka samu a hannun mutum, sai mai gabatar da ƙara ya nuna cewa ya yi niyyar cutar da wani da ita. Dokar 1988 ta juya al'amarin. Da zarar an sami abu mai kaifi ko mai tsini a wurin mutum a bainar jama'a, shi ne zai gamsar da alƙali cewa yana da kyakkyawan dalili. In ya kasa, ya yi laifi, ko da bai zare ta ba, ko da bai yi wa kowa kallon banza ba.

Wuƙa iri ɗaya kaɗai aka yafe: 'yar ƙaramar wuƙar aljihu mai naɗewa, wadda tsawon kaifinta bai wuce inci 3 ba. Wannan kowa na iya sa ta aljihu ba sai da dalili ba. Har wa yau dokar ta ambaci uzuri uku da sunansu, watau aiki, da addini, da tufafin gargajiya. Saboda haka mabiyin addinin Sikh na iya rataya wuƙarsa ta ibada, mutumin Sikotland kuma na iya soke tasa a safa in ya yi shigar ƙasarsu. Farauta da kamun kifi na nishaɗi ba a ambace su ba. Masu yinsu sai su fake da kalmar nan ta “kyakkyawan dalili”, wadda dokar ba ta fassara ba, ta bar wa kotu.

To, me ya sa maharbi ba zai haƙura da 'yar ƙaramar nan ba? Dalili shi ne ba ta yi masa aiki. Wanda ya harbi barewa dole ya zubar da jininta, ya farke cikinta, ya fid da kayan ciki nan take tun naman bai lalace ba. Mai kamun kifi kuma yana bukatar doguwar wuƙa siririya don ya raba tsoka da ƙaya. Dukansu biyu hannunsu a jiƙe ya ke, da jini ko da santsin kifi, sau da yawa kuma cikin sanyi mai sa yatsu su sandare. Wuƙar da ke naɗewa da sauƙi tana iya rufewa a kan yatsun mai ita. Don haka suka fi son wadda ba ta naɗewa sam, mai kube, ko kuwa mai makulli da ke riƙe ruwanta a buɗe.

A nan ne aka sami abin mamaki. A farkon shekarun 1990 Babbar Kotu ta yanke cewa wuƙa mai makulli ba ta cikin waɗanda aka yafe, kome ƙanƙantarta, tun da ba ta naɗewa sai an saki makullin. A 1998 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka. Ashe ke nan makullin da maƙeri ya sa don tsare yatsa, shi ne ya mai da wuƙar abin tuhuma. Masu sana'a da yawa na ganin wannan hukunci bai dace ba, kuma maganarsu abar dubawa ce, amma shi ne doka.

Kada mai karatu ya ɗauka an hana farauta da wuƙa. Mutumin da ya fito da asuba zai tafi bakin kogi, sandar ƙugiyarsa a hannu, takardar izninsa a aljihu, wuƙarsa cikin akwatin kaya, dalilinsa a fili ya ke. Haka shi ma maharbin da ke kan hanyarsa ta zuwa daji ko ta komowa gida. Sai dai dalili yana da lokacinsa, yana kuma ƙarewa. In ya dawo ya biya mashaya ko filin ƙwallo da wuƙa a ɗamara, uzurinsa ya raunana. In ya bar ta cikin mota har mako ya zagayo, ɗan sanda ya tsai da shi a tsakiyar gari, ba zai ce mota ɗakinsa ce ba, domin motar da ke kan titi tana bainar jama'a. Ba zai kuma dogara ga mantuwa ba. An taɓa yin shari'ar wani ma'aikaci da aka samu da wuƙa kwana 6 bayan ya yi aiki da ita, ya ce ya manta ne, kotu ta ce mantuwa ita kaɗai ba dalili ba ce. Daga baya kotuna sun yarda a duba mantuwar tare da sauran yadda abin ya faru, amma wannan ƙofa ce ƙarama. Wanda kuwa ya ce ya ɗauko wuƙar don tsaron kansa, ya ƙara jefa kansa cikin rami ne, domin ya faɗa da bakinsa cewa makami ce.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Tun daga 2007 ana iya ɗaure mutum har shekara 4. Tun daga 2015 kuma, baligin da aka kama karo na biyu, mafi ƙarancin abin da zai samu shi ne wata 6 a kurkuku, sai fa in alƙali ya ga wani dalili na musamman. Ga maharbi akwai wata hasara a bayan wannan: 'yan sanda ne ke ba da takardar iznin riƙe bindiga, su ne kuma ke iya janye ta in suka ga mutum bai cancanta ba. Wuƙar da aka manta cikin aljihun riga tana iya raba mutum da bindigarsa.

Sayen wuƙar ma ya ƙara wuya. Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ban da 'yar ƙaramar nan mai naɗewa. Dokar 2019 ta tsananta sharuɗɗan saye ta intanet, don kada kaya ya faɗa hannun yaro. A watan Satumba na 2024 aka haramta wasu manyan wuƙaƙe da adduna masu ban tsoro, waɗanda tsawonsu ya wuce inci 8 kuma aka yi musu haƙora ko huda ko tsini barkatai. Wuƙar fiɗa ta yau da kullum ba ta shiga cikinsu ba.

Saboda haka maharban da suka san doka kan sa wuƙa cikin kubenta, su ajiye ta a ƙasan jaka tare da sauran kayan farauta, ba a jiki ba, sai an isa daji. In an komo gida, wuƙa ce farkon abin da za a fitar daga mota, a wanke, a adana, tun ba a sauke nama ba.