Filin Shawara: Masauki a Zanzibar, Tsohon Gari ko Bakin Teku?

Anti, bana muke cika shekara ashirin da aure, maigida ya ce zai kai ni Zanzibar mu yi kwana shida, daga ni sai shi. Ya bar mini zaɓen otal, ya ce kada tsada ta dame ni tunda ba kullum ake yi ba. To Anti, kaina ya kulle. Duk otal ɗin da na buɗe a waya tauraro biyar ne, hotunan kuma kamar ka shiga ciki. Ni raina yana kan tsofaffin gidajen cikin gari masu ƙofofin katako, amma ƙawata da ta taɓa zuwa ta ce in rabu da su in kama na bakin teku. Maigidan yana fama da ciwon gwiwa, kuma dukkanmu ba ma son wurin shaye-shaye da kiɗan dare. Tsorona kada in zaɓa ya zama na ɓarnatar masa da kuɗi.

Mai karatunki daga Kaduna

Ƙanwata, Allah ya ƙara muku zaman lafiya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. A cikin wasiƙarki maganar gwiwar maigida ce ta fi ɗaukar hankalina, don ita za ta yanke rabin hukuncin nan tun kafin a zo kan taurari.

Abin da ranki yake so yana da dalili. Tsohon garin, wanda ake kira Stone Town, ya bunƙasa ne bayan da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa can wajen 1840, kuɗin kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi suka gina benayen da kike gani a hoto. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Sai dai attajiran da suka gina gidajen nan ba su yi su don matafiyi mai akwati uku ba. Lunguna ne matsattsu waɗanda mota ba ta shiga da yawansu, sai direba ya ajiye ku a bakin titi ku ƙarasa da ƙafa. Gidajen dogaye ne, hawa uku ko huɗu, matakalarsu a tsaye, kuma ɗakin da ya fi kyau da iska galibi shi ne na can sama. Da yawa babu lifta. Ginin dutsen murjani ne da farar ƙasa, yana riƙe danshi, don haka ɗakin ƙasa da ba ya samun rana yakan yi warin raɓa komai tsadarsa. Mutum mai ciwon gwiwa da zai hau ya sauka sau biyar a rana don salla da abinci, zai dawo gida da gajiya maimakon hutu, kuma irin mazanmu ba zai faɗa miki ba, zai daure ne kawai.

Wannan bai hana ku kwana a cikin gari ba. Ki nemi unguwar Shangani, inda garin ya yi tsini zuwa cikin teku. Nan ne otal ɗin Park Hyatt yake, wanda wani ɓangarensa tsohon gidan nan ne mai suna Mambo Msiige, nan kuma otal ɗin Serena yake. Mota tana kaiwa ƙofarsu, ruwa yana gabansu, kuma da ƙafa za ku isa lambun Forodhani inda ake gasa kifi da daddare, da tsohuwar ganuwar Omanawa, da gidan Beit al-Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883. Wannan gidan wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, don haka kada ki sa rai da yawa a kan shiga cikinsa. Garin na Musulmi ne, masallatai ko'ina, kiran salla zai same ku har ɗaki, hijabinki kuma ba wanda zai kalle shi sau biyu.

Ƙawarki ma tana da gaskiyarta. Gaɓar cikin gari kusa take da tashar jiragen ruwa, ba wurin wanka ba ce. Farin rairayin nan na hoto yana arewa, Nungwi da Kendwa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota, ko kuma gabas, su Paje da Jambiani. A gabas ruwa yakan janye nesa sosai na sa'o'i kafin ya dawo, a arewa kuwa yana nan kusan duk yini. Amma arewar ce matattarar masu casu, har akwai casun da ake yi a Kendwa duk lokacin da wata ya cika. Manyan otal da yawa a can suna sayar da ɗaki haɗe da ci da sha na duk yini, kuma a cikin kuɗin har da na giya. Ku da ba ku sha, me zai sa ku biya? Ki nemi farashin kwana da karin kumallo da abincin dare kawai.

Da ni ce, sai in raba kwanakin: biyu a Shangani, huɗu a bakin teku, a otal mai ɗakunan ƙasa da ke nesa da mashaya. Idan kuɗin ya kai, akwai masu ɗaki da ɗan wurin ninkaya a killace, wanda zai ba ki damar shiga ruwa ba tare da idon kowa ba. A ganina wannan ya fi kowane ado na falo daraja ga mace irinki.

Kafin ki biya ko sisi, ki rubuta wa otal ɗin kai tsaye, matambayi ba ya ɓata. Akwai lifta, kuma tana kaiwa hawan ɗakinmu? Tagar ɗakin teku take kallo sosai ko ta gefe ake leƙo shi? Naman halal ne? Akwai janareta da ke ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki idan an ɗauke wuta? An haɗa harajin kwana da gwamnatin Zanzibar ke karɓa a kan kowane baƙo, ko sai ranar fita za a kawo shi? Ki roƙi su turo miki bidiyon ainihin ɗakin ta WhatsApp. Yadda suka amsa, da saurin amsar, zai nuna miki irin hidimar da za ku tarar. Idan kina karanta ra'ayin waɗanda suka sauka, ki fara da masu ƙorafi na watannin baya-bayan nan.

Ba ki faɗi watan tafiyar ba. Ki kauce wa Maris zuwa Mayu, lokacin babbar damina ce. Yuni zuwa Oktoba ya fi bushewa da sanyi, sai dai farashi yana hawa a Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba. Sannan mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, kuma takan ɗauki makonni. Tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya tata ta kanta, wadda aka fara da dala 44 kan mutum ɗaya. Saboda haka ki kama ɗakin da za a iya sokewa a mayar da kuɗi, kada ki biya wanda ba a mayarwa sai biza ta fito. Idan kin tace zaɓinki ya koma biyu, ki zaunar da maigida ki nuna masa, ki tambaye shi kai tsaye matakala nawa gwiwarsa za ta iya ɗauka a rana.