PlayStation, Xbox ko Nintendo: Wacce Ta Dace da Gidanka?

Duk wanda ya tashi sayen na'urar gem, tambayarsa ta farko ita ce wacce ta fi ƙarfi. Tsakanin PlayStation 5 ta Sony da Xbox Series X ta Microsoft, waɗanda suka fito a Nuwamban 2020 kowacce a kan dala 499, wannan musun ɓata yawu ne. Ka jona su a talabijin ɗaya, ka sa musu wasa iri ɗaya, da wuya idonka ya raba su. Abin da zai sa ka more kuɗinka ko ka ciji yatsa yana wajen faifai da data da wuta.

Faifai shi ne inda aka fi yin asara. Xbox Series S ta fito a kan dala 299, arha ƙwarai, amma ba ta da bakin faifai ko kaɗan, kowane wasa sai ka sauke shi daga intanet. Call of Duty kaɗai yakan wuce gigabait 100, alhali ma'ajiyar Series S ta farko gigabait 512 ce, wanda za ka iya amfani da shi a ciki ma bai kai 400 ba. Ga mutumin Amurka da ke biyan intanet na wata ba iyaka, wannan ba komai ba ne. Ga mai sayen data giga-giga kuwa, rarar da ya samu wajen saye za ta zurare a hankali. Haka PS5 marar faifai take, har da PS5 Pro ta 2024 mai ɗan karen tsada. Mai faifai zai ari wasa wurin aboki, ya yi musanye a kasuwa, ya sayar in ya gama. Ko shi ma dai bai tsira gaba ɗaya ba, don yawancin wasanni sai sun nemi sabuntawa ranar farko.

Abin taƙamar Xbox shi ne Game Pass: ka biya kuɗin wata, a buɗe maka ɗaruruwan wasanni. Tun da Microsoft ta sayi Activision Blizzard a 2023 a kan kusan dala biliyan 69, rumbun ya ƙara cika. Sai dai haya ce, ranar da ka daina biya an rufe ƙofa. Kuma shagunan intanet na Sony da Microsoft ba su sa Najeriya ko Nijar cikin jerin ƙasashensu ba, shi ya sa mutane ke buɗe asusu da sunan Amurka ko Ingila su riƙa sayen katin kuɗi. A kula, katin Amurka ba ya shiga asusun Ingila, kuma mai shago ba zai karɓi katin da aka riga aka kankare ba.

Sony kuma da wasanninta take cin kasuwa: God of War Ragnarök, Spider-Man 2, Gran Turismo 7, babu ko ɗaya a Xbox. Ita Microsoft ta fara kai nata gidan kishiya, Forza Horizon 5 ya shiga PS5 a 2025. Ke nan mai PS5 ba ya rasa abu mai yawa. Ƙari a kan haka, gidajen gem na garuruwanmu kusan duk PlayStation ne, don haka faifai da hannun wasa da mai gyara sun fi sauƙin samu. Aibinta shi ne hannun nata: yana da daɗin riƙewa, amma cajinsa ba ya jimawa, ga tsada in ya lalace. Na Xbox batir biyu na tocila ƙanana ake sa masa, a ci gaba da wasa.

Sai wuta. PS5 tana jan wajen wat 200 in wasa ya yi zafi, Series S ba ta kai 100 ba, Nintendo Switch kuwa ko 20 ba ta kai ba, kuma da batirinta a jiki, in an ɗauke wuta ka zare ta ka ci gaba a hannu. Mai ƙaramar sola ya yi wannan lissafin tun kafin ya je kasuwa. Switch ta fito a 2017, hotonta bai kama ƙafar sauran ba, kuma wasannin Mario da Zelda ba kasafai farashinsu ke sauka ba, amma ga gida mai yara ita zan zaɓa. Switch 2 ta biyo baya a Yunin 2025 a kan dala 450.

Shawarata ga yawancin masu karatu: PS5 mai faifai. In kuwa ƙwallo kaɗai kake bugawa, wato EA Sports FC da aka sani da FIFA kafin 2023, PS4 ta hannu ma ta ishe ka. Kada ka biya kuɗin ta hannu sai an kunna ta a gabanka ta yi rabin awa tana aiki. Ka saurari ƙarar fankarta, don ƙurar hunturu tana toshe ta har ta riƙa mutuwa da kanta. Ka saki sandar hannun ka ga ko ɗan wasan yana tafiya shi kaɗai. Ka jona ta a intanet ka tabbata kamfani bai toshe ta ba, sannan a goge asusun tsohon mai ita kana tsaye. A kan hanyar gida ka tsaya ka sayi sitabilaiza.