Darasi: Rashin Cika Ba Zunubi Ba Ne

Da yawa daga cikinmu mun haɗa abu biyu da ya kamata a raba: zunubi da kasawa. Zunubi aikin ganganci ne, maganinsa tuba da furtawa a gaban Fada. Kasawa kuwa, kamar i'ina, ko gurguntaka, ko rashin haihuwa, ko ƙarancin karatu, ba abin tuba ba ce. Duk da haka akwai masu ɗauke da ita kamar laifi, har sukan daina zuwa Misa don kunya.

Mu dubi Jahun, a nan Jihar Jigawa. Tun shekara ta 2008 ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta fara aiki a babban asibitin garin, tana karɓar haihuwa, tana kuma yi wa masu yoyon fitsari tiyata. Wannan ciwo yakan samu ne idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya danne mafitsara kwana da kwanaki har naman wurin ya mutu, ƙofa ta buɗe. Sau da yawa jaririn ma ba ya rayuwa. Matar ba ta yi wani laifi ba, amma ita ake ware wa kwano da tabarma, wata ma miji ya sake ta. Abin da ya fi ciwo shi ne ranar da ita kanta ta yarda cewa ta zama abin ƙyama, ta kulle kanta a ɗaki.

Bishara ta Markus, sura 5, ta ba mu labarin macen da ta shekara 12 tana zubar jini. Bisa ga dokar Littafin Firistoci, sura 15, ita marar tsarki ce, duk wanda ya taɓa ta ya ƙazantu. Ku lura da abin da ta yi. Ba ta jira ta tsarkaka kafin ta fito ba. Da ciwonta ta kutsa cikin taro. Yesu kuma ya tsaya ya nemi ta bayyana kanta a gaban jama'a, ya kira ta ɗiya. A ganina ya yi haka ne domin a mayar mata da matsayinta cikin mutane, gama warkar jiki kaɗai ba za ta ishe ta ba.

Kada a ɗauka karɓar kai yana nufin naɗe hannu. Wadda ta hau mota zuwa Jahun ta karɓi halin da take ciki, shi ya sa ta iya faɗinsa ga likita. Wadda take musun ciwonta ita ce ke zama a gida.

Amma akwai wuri mai wuya, kuma ba za mu tsallake shi ba. Yawancin matan sukan warke, waɗansu kuwa ko bayan tiyata biyu ko uku yoyon ba ya tsayawa sarai. Manzo Bulus ma sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, da ita ya ci gaba da kafa ikilisiyoyi. Irin wannan mace za ta koma ƙauyensu da tsummanta, ranar Lahadi kuma za ta tsaya a bakin ƙofar majami'a tana duban bencin matan Zumunta, ko akwai wadda za ta matsa mata.